A Cire Uwa

Sikelin jarirai na asibitin Pitowa ya lalace tun bayan salla.
Ƙugiyarsa na reto a reshen darbejiya, ba ta ɗauke da kowa.
Sai Madam Tabita ta turo na manya da ƙafa,
ta ce, "Kuluwa, hau da shi."

Na hau, Haladu a kafaɗata.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya: arba'in da takwas.
"Miƙo shi nan. Hau ke kaɗai."
Arba'in da ɗaya.
Ta yi lissafi da biro a bayan hannunta:
a cire uwa, saura bakwai.
Kilo bakwai, yaron da ya shekara har da wata biyu.

Ni na san awo.
Shekara shida ina auna gyaɗa a kasuwar Lahadi,
na san kwano mai tozo, na san wanda aka shafe wa kai,
na san mai sayen da ke danna hatsi da babban yatsa.
Amma ban taɓa ganin an gama awo
an tsaya ana kallon buhun da aka juye ba.

Ita ta tsaya.
Ta bar bakwai ɗin, tana kallon abin da ta cire.

"Me kika ci jiya?"
Na ce tuwo.
"Shekaranjiya fa?"
Na ce ai tuwo ne.
Ban gaya mata yadda ake rabo ba:
kwanon maigida, kwanon tsohuwa,
na yara uku da ke tsaye a kaina,
sannan ni da tukunya mu fuskanci juna,
in kankare ƙanzo, in bi shi da ruwan randa.

Ban gaya mata ba, amma awarwarona ya faɗa,
shi da ke tsayawa a wuyan hannu,
yanzu sai ya zarce har gwiwa.
Zanen aurena ma ya faɗa,
ya fara zagaya ni sau biyu.

Ta ce, "Kar ki yaye shi. Nono bai ƙafe ba,
jikinki ne ke biyan bashin,
tun yana ciki kike biya, shi ya sa ya zo ɗan mitsitsi.
Rijiya ba ta hana guga,
amma ita ma sai an yi damina."
Ta ɗaura mini zaren awo a damtse,
irin wanda na ɗauka na yara ne kawai.

Ran Lahadi na ware kwano ɗaya, ban sayar ba.
Na sayi busasshen kifin Lagdo na ɗari biyar,
na tsinko zogalen bayan ɗaki.
Na dama kunun gyaɗa mai kauri,
wanda ludayi ke tsayawa a ciki,
cokali a bakinsa, cokali a bakina.
Da dare na zuba nawa kafin tukunya ta ga gindinta.
Kunya ta kama ni kamar na yi sata.
Tsohuwa ta kalle ni, ta kalli jikanta,
ba ta ce uffan ba.
Washegari na tarar da kan kifi a kwanonta, a rufe,
an ture shi bakin ƙofata.

Wata biyu suka wuce, an gyara ƙugiya.
Aka rataya Haladu shi kaɗai,
yana tsala ihu, yana harbin iska.
Bakwai da rabi, har da ɗan ɗori.
Madam Tabita ta rubuta, ta kira ta gaba.

Na ce, "Madam, ina na manyan?"
Ta ɗago kai, ta yi dariya,
ta turo shi da ƙafa.
Na cire takalmi.